Yadda Za Ka Je Bikin Abokinka a Ƙauye Ka Dawo da Sauran Mutuncinka

Abokinka na ofis ya miƙo maka katin ɗaurin aurensa. Ka duba sama da ƙasa, babu sunan ɗakin taro, babu anko, babu liyafar dare. An dai rubuta garinsu, can gaba da Gumel ta hanyar Maigatari, bayan sallar Juma'a. Da baki kuma ya ƙara maka cewa a kan raƙumi za a kai amarya, abokan ango kowa da jakinsa. Ka yi dariya har da dukan tebur. To, ba wasa yake ba. Tunda ka riga ka ce "in sha Allahu da ni", ga abin da zai rage maka asara.

Na farko, tufafi. Farar shaddar nan da ta sha bugu, bar ta a gida. Bikin ƙauye yawanci bayan kaka ake yin sa, an cika rumbu, an sayar da riɗi da zoɓo, aljihu ya yi nauyi. Lokacin ne kuma hunturu ke kaɗa ƙura, ƙarangiya ta bushe tana jiran baƙo. Ƙarangiya ba ta san Alhaji ba. Taku goma a bayan gari ya ishe ta ta yi wa ƙafar wandonka ado, in ka sa hannu ka cire ta koma yatsa. Sa yadi mai duhu da takalmin da ba za ka yi kuka ba idan ya yi ɓatan dabo a ƙofar masallaci.

Na biyu, hanya. Daga Kano ka bi ta Gezawa, ka wuce Gujungu, ka kai Gumel, duk wannan kwalta ce. Idan ranar Alhamis ka tashi, ka sani ranar ce kasuwar dabbobi ta Maigatari ke ci, za ka yi ta gaisawa da manyan motocin shanu. Jarrabawar tana farawa inda kwalta ta ƙare, rairayi ya karɓa. Duk wanda ka tambaya zai nuna da leɓe ya ce, "Ai ga shi nan, kun ma iso." Kada ka yi murna. Idan motarka ta kafe, kar ka tsaya bayanin ƙarfin injinta. Rage iskar taya, ka jira mai amalanken shanu, ka gaishe shi da ladabi, domin yau shi ne injiniyanka.

Na uku, waya da kuɗi. Kusa da iyaka kake, wayarka na iya kama layin Nijar, a yi maka maraba da Faransanci, katinka ya soma zirarewa ba ka kira kowa ba. Layin gida kuwa yana gindin wata tsamiya ɗaya tak, yara za su raka ka. Je da kuɗi a hannu, ƙanana. Mai ƙosai ta ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, ba za ka lallashe ta da "na tura, bai shigo ba ne".

Na huɗu, gaisuwa. Cire takalmi tun daga nesa in za ka gaida mai gari, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe." Zai tambaye ka hanya, gajiya, iyali, mutanen Kano, sanyi, sannan ya sake komawa kan gajiya. Amsa duka, kar ka duba agogo. A cikin gida kakar ango za ta kalle ka ta ce, "Wannan ne sabon mijin nawa? Ai ko kazar gidan nan ba zai iya riƙewa ba." Ce mata, "Inna, ai sadakinki ne ya ramar da ni." In kai Babarbare ne kuma akwai Fulani a wurin, ko Bazazzagi a tsakiyar Kanawa, ka shirya, kai ne abin taɓawa har a watse.

Na biyar, ɗaurin auren kansa. Kada ka ce bari ka ɗan zagaya. Wakilin ango zai nema, waliyyin amarya zai bayar, a faɗi sadaki lakadan ba ajalan ba, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, sanƙira ya kwarara shela. Kafin ka gyara zaman hularka an gama. Miƙa hannu da wuri in ana rabon goro da alewa, kunya ba ta samun ko ɓari.

Na shida, abinci. Za a ajiye maka tuwon gero da miyar kuka ta sha man shanu, ga dambu, ga fura da kindirmo a ƙwarya. Kar ka nemi cokali. Kar kuma ka suɗe kwano, domin kwanon da aka suɗe shaida ce ba ka ƙoshi ba, wani zai biyo baya. Gidaje da dama za su aiko da nasu, kowanne kuma zai tambayi yaron da ya kai ko baƙo ya ci. Ci kaɗan-kaɗan, ka yabi kowace miya daidai da 'yar'uwarta.

Na bakwai, jaki. Zaɓi tsoho mai sunkuyar da kai, kar ka zaɓi mai kyan gani. Zauna can baya wajen ƙugu, inda yaran gari ke zama. Ba shi da birki, ba ya jin Turanci, kuma idan ya hango jaka a gonar wani, kai da tawagar amarya sai a gida. In ya kayar da kai, tashi ka kakkaɓe ka ce dama sauka za ka yi. Mai kalangu zai sa sunanka a kiɗa nan take. Ba shi wani abu ya canza baiti.

Na takwas, liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Wannan doka aminiyar marowaci ce. Sai dai maroƙin garin bai karanta ta ba, kuma ya riga ya gano sunan kakanka. Danƙa masa a hannu, ka tsira ta fuska biyu.

Na tara, sayen baki. Amarya ba za ta ce uffan ba sai abokan ango sun biya ƙawayenta. Ɓoye agogonka da makullin mota kafin ku shiga, da su ake yanka farashi. Kar ka yarda a naɗa ka mai magana. 'Yan matan nan tun suna ƙanana suke ciniki a kasuwa, kai kuwa a kanti kake biyan abin da aka rubuta.

Na ƙarshe, tsaraba. Za a cika maka but da gero, zoɓo, kabewa da zakara mai rai an ɗaure masa ƙafa. Ba a mayarwa. Za ku taho tare, yana faɗin ra'ayinsa a kowane shingen jami'an tsaro. Ranar Litinin kuma ka shiga ofis da fara'a, kar ka tambayi dalilin da masinja ke ƙunshe dariya. Layin da ya ƙi kai saƙonka gida ya samu ƙarfin tura bidiyon faɗuwarka a WhatsApp, har manaja ya gani.