Masu Cika Ɗaki a Mubi

Kowane kafinta a Mubi ya san ranar da za a yi masa faɗa: ranar jere. An ce ya yi sif mai ƙofa shida, ya yi. 'Yan jere sun kinkimo shi da guɗa, sai aka tarar bangon bai kai ba, dole a jingina shi a gefen taga. Daga ranar an rufe tagar ke nan, a garin da zafin Maris da Afrilu ke hana barci. Sai a ce ɗakunan yanzu ƙanana ne. Ɗakunan ba su da laifi, masu shiga cikinsu ne abin kallo.

Gaba da kowa ita ce Hajiya Mai Kabet. Daga Lokuwa zuwa Shuware babu layin da ba ta da gida. Kabet ɗinta ya kama bango guda, daga ƙasa har rufi: samira jere bisa jere, babba a ƙasa ƙarama a sama, langa, kuloli, farantan tangaran, da kofunan gilashi da har yanzu takardar kamfani ke manne a gindinsu. Mutanen gidan kuwa a kwanon roba suke cin tuwo. In yaro ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Na baƙi ne." Baƙi sun zo suna, sun zo biki, sun zo gaisuwar dawowa daga Makka, duk a roba aka zuba musu. Har yau baƙon da ya isa a buɗe masa kabet bai iso ba, kuma 'ya'yanta na ganin ko Mai Martaba Sarkin Mubi ne ya ratso, sai an yi shawara tukuna.

Makullin yana ƙulle a haɓar zaninta. Idan hunturu ya kama, ƙura ta fara shiga ta kowace kafa, takan sauke kayan duka, ta goge ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kowanne mazauninsa. Ƙarƙashin gado kuma akwai kayan ɗakin 'yar da ke aji uku a firamare. Amfanin kabet ɗin na gaskiya bai bayyana ba sai da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000 a Oktoban 2022. Nan aka ga murfin samira ya ɗaga, kuɗi suka fito suna warin kafur, maigidan da aka daɗe ana ce wa babu ko sisi yana tsaye yana kallo.

Shi ma maigidan ba wankakke ba ne. Shi ne Baba Kar-a-Zubar. Saman sif nasa ne: rediyo uku da babu mai magana a cikinsu, fiffiken fanka, cajar Nokia mai siririn baki, da rasitan wuta masu tambarin NEPA, hukumar da ta rasa sunanta tun 2005. "Wata rana za su yi amfani." Gara ce kaɗai ta yarda da shi.

Ɗalibin Poli ko na Jami'ar Jihar Adamawa ya gama da maganar sif: ƙusa biyu da igiya. Bokitinsa shi ne kujera, shi ne ma'ajiyar garin kwaki. Ɗan kasuwa mai bin hanyar Kamaru kuma ɗakin matarsa ne sito, katan na taliya da sabulu har sun tare madubi. Sai Uwar Bakko, wadda ke cusa komai a jakar nan da ta yi suna lokacin korar 'yan Ghana a 1983, ta ɗinke zif da allura, sannan ta manta wace ce ta kayan sanyi. Shi kuwa mai tara tsofaffin jaridu, irin mai wannan shafi, ba ya cikin lissafi. Nasa tarihi ne.

Akwai wanda ba a yi wa dariya. Tun da Boko Haram suka shiga garin a ƙarshen Oktoban 2014, mutane suka bi daji da ƙafa zuwa Kamaru da Yola, wasu gidaje suka koyi ajiye ƙaramar jaka kusa da ƙofa, da takardun makaranta da na fili a ciki. Mai irin wannan jaka ya fi kowa sanin abin da ya cancanci wuri a ɗaki.

Wanda ke ɓata rai da gaske shi ne Mai Ajiya. Yakan zo da yamma da sallama mai daɗi, Keke Napep na biye da shi ɗauke da adaka, katifa a naɗe da buhu biyu. "Kwana biyu kawai, kafin in samu ɗaki." An ba shi lungun da keken ɗinki yake. Damina ta wuce, kogin Yedzaram ya cika ya janye, wata daminar ta zo. In an kira shi sai ya ce yana Maiha, ko yana Michika, wani sati insha Allah. Ba a isa a buɗe ba, amana ce. Ba a isa a fitar ba, zumunci ne. Ɓeraye kuwa sun haihu a katifar har sun ga jikoki. Ranar da ya ga damar zuwa, ba godiya zai fara yi ba. Zai tsuguna ya buɗe adakar a gaban yara, ya juya kayan, ya ɗago kai ya ce kamar akwai wata shadda da ya bari a sama.

Duk wanda ya san kayansa na ɗakin wani, ya je ya kwashe kafin Sallah.