Shugaban da Ya Yi Karatu a Rediyo

An ce a wata ƙungiyar 'yan doya a Paiko an yi wani shugaba da bai taɓa zama a aji ba, amma ya ƙware a ilimin mulki. Makarantarsa wata 'yar rediyo ce da yake ratayawa tun yana yaron mota a shekarun 1990. Duk abin da manya suka ƙulla a Legas da Abuja, yana nan gindin mota yana haddacewa.

Wata Juma'a, bayan kasuwa ta watse, manoman Gbagyi sun kama hanyar ƙauyukansu, aka yi zaɓe ƙato bayan ƙato. Layin wani matashi ya miƙe har ya zagaye tulin doya. A layin Shugaba kuwa, daga ƙannensa sai waɗanda yake bi bashi. Ana tsakiyar ƙirge ya ɗaga hannu, ya ce an samu kurakurai, zaɓe ya soku.

Da aka fara gunaguni sai ya ce, "Ku dakata, jama'a. Abiola ya kayar da Bashir Tofa ranar 12 ga Yuni, 1993, har a Kano, garinsu Tofa. An ba shi? Kuma Babangida da ya soke ɗin, ai ɗan Minna ne, nan bayan gidanmu. Mu su wa da za mu fi manya sani?"

Surutu ya ƙi kwanciya, sai ya ce to, zai matsa gefe. Ya ɗora wani dattijo mai sanyin hali a matsayin riƙon ƙwarya, hatimi da littafin kuɗi kuwa suna aljihun babbar rigarsa. Shonekan, wanda Babangida ya bar wa riƙon ƙwarya a 1993, ya yi daga Agusta zuwa Nuwamba, wata uku bai cika ba. Dattijon Paiko ko sabuwar doya bai gani a kan kujerar ba. A can sama mutum biyu ne suka raba wannan aiki, Babangida ya matsa, Abacha ya karɓe. Shi Shugaba ya haɗa duka biyun a kansa, wai don rage wa ƙungiya kashe kuɗi.

Daga nan sai tazarce. Ya tuna yadda jam'iyyu biyar suka tsayar da Abacha shi kaɗai a 1998, shi ma ya kafa kwamiti biyar, kowanne ya zauna, ya yi dogon nazari, ya gano cewa babu wanda ya cancanta sai Shugaba. Samari suka zagaya kasuwa da hotonsa suna roƙon ya taimaka ya zarce. Kuɗin shayinsu ya fito ne daga ɗan abin da ake cira a kan kowace ƙwaryar doya, wanda aka ce na gyaran rumfuna ne. Rumfunan suna nan suna yoyo.

Rannan wani tsohon dillali ya gaishe shi, ya gyara zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, rediyon nan taka, a 1998 ta mutu ne? Ai akwai wani ɗan Minna kuma. Abdulsalami ya karɓi ƙasa ranar 9 ga Yuni, 1998, ya miƙa wa Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999, ko shekara bai cika ba. Tun zaɓen 2015 a gabansa masu neman shugabancin ƙasa ke sa hannu kan zaman lafiya. Wannan darasin bai iso rumfarka ba?"

Shugaba ya sosa ƙeya, ya ce a lokacin batir ne ya yi sanyi.

Ni dai labarin doya nake ba ku. Idan wani ciyaman, ko shugaban 'yan tasha, ko na kwamitin masallaci ya ji kamar an taka masa ƙafa, ban ambaci sunan kowa ba.

Amma kada a ce Shugaba ba ya jin shawara. A zaman da ya biyo baya ya sanar cewa za a yi sabon zaɓe, kuma shi ba zai tsaya ba. Aka yi tafi, aka tambayi rana. Ya ce da zarar an kammala tagwayen titin Minna zuwa Suleja, aikin da aka ba da kwangilarsa tun zamanin Jonathan.