Bututun Mai da Injin da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Bututun da kamfani ke sa wa mota don kai fetur daga tanki zuwa inji, kaurinsa yawanci milimita 8 ne, a wasu motocin kusan 10. Yana ƙarewa ne a wani gajeren bututun ƙarfe da ke kwance a kan inji, wanda ke raba man ga nozul ɗin kowace silinda, da matsin da ya kai kamar bar 3. Ga injin da ba a taɓa ba, wannan ya wadatar har da rara.

Rigima tana farawa ne ranar da mai mota ya ga abin da Allah Ya ba shi bai ishe shi ba. Toyota Supra ta 1993, mai injin 2JZ-GTE, ta shiga kasuwar Amurka da ƙarfin doki 320, amma samari suka ce sam, sai 500. Injin turbo mai wannan ƙarfi yana shan kimanin lita 180 a awa idan an take totur har ƙasa. In kuwa man E85 ne, sai a ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari.

Abin da mai sabon zumuɗi ke fara saye shi ne bututun rabon mai na alminiyom, ja ko shuɗi, mai ƙyalli, domin shi ake gani in an ɗaga bonet. Famfon mai kuwa yana can cikin tanki inda ba mai yaba shi, don haka ana barin tsoho. Sai a hau titi, a take totur, mota ta zabura, mai ita yana washe baki. Can sai inji ya fara ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa, hayaƙi ya turnuƙe, a koma gareji da igiya. Bakanike ya zaro fistin da rami a tsakiyarsa, ya ce, "Yallaɓai, dawakin suna nan, ruwa ne dai ba ka ba su ba."

Dalilin a fili yake. Iska ta yi yawa, mai ya gaza, zafi ya narkar da fistin. Kuma duk bar 1 da turbo ya tura, sai matsin mai ya hau da bar 1, famfo kuwa yana rage zuba in matsi ya ƙaru. Shi ya sa masana ke fara sauya famfo, irin su Walbro mai lita 255 a awa, sannan nozul da filta. Bututun kamfani yakan jure har sai ƙarfi ya yi nisa sosai, a nan ne ake komawa ga bututun -8AN mai kaurin rabin inci. Tiyon roba na kafireta kuwa, kada a kusanto da shi: ba a yi shi don irin wannan matsi ba, kuma fetur a kan salansa mai zafi gobara ce.