Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Matakalar Gefen Mota

Zuwa ga Hajiya Matakala,
Mai kujera ƙarƙashin ƙofa, dama da hagu,
Ta hannun karen mota, tashar Buza.

Ranki ya daɗe,

Ina fatan kin kwana lafiya, ko da yake na san lafiyar da sauƙi-sauƙi ce, tunda har yanzu ɓangarenki na dama da waya aka ɗaure shi. Na rubuto miki ne a madadin ƴan'uwana masu jigilar kaya da mutane a bayan motocin kat-kat tsakanin Madawa, Buza da Keita. Mun zauna a rumfar mai shayi mun tattauna lamarinki har aka zagayo da kofi na uku, sannan aka ce ni in ɗauki alƙalami, don rubutuna ya fi na saura karantuwa.

Zan fara da alherinki, kada ki ce an yi miki shari'a da kunne ɗaya. Kyau dai Allah ya ba ki. In aka wanke ki da safe, farin alminiyonki na ɗaukar ido, baƙar robar da ke samanki tana sheƙi, har yara kan tsaya su duba haƙoransu a jikinki. Aikinki ma ba ƙarya ba ne. Motocin nan namu dogaye ne, kuma a ƙauyukanmu mota ɗaya ce bas, ita ce motar amarya, ita ce motar asibiti. Alhaji mai babbar riga ya taka ki ya shiga ba tare da wandonsa ya yi magana ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da za a kai Galmi ta dafa ƙofa, ta ɗora ƙafa a kanki, ta hau da mutuncinta. Mai naƙuda da aka ɗauko cikin dare, ba don ke ba sai an ɗaga ta cak a gaban surukanta. Tsakuwa da taɓon da tayar gaba ke watsowa ma ke kike tarewa, fentin ƙofa ya huta. Duk wannan an rubuta shi a takardarki, ba wanda zai goge.

Matsalar ita ce wanda ya turo ki aiki nan bai duba taswira ba. Ke ma'aikaciyar kwalta ce. An horar da ke ne don ƙofar banki da ƙofar gidan biki, inda babban abin da za ki gamu da shi bai wuce bakin kwata ba. Sai ga shi an sauke ki a Adar, ƙasar da samanta fako ne mai baƙar marmara, gefenta gangara ce mai farin dutse, ƙasanta kuma kwari ne da ruwan damina ke sake wa fasali duk shekara. Hanyar da muka bi a watan Mayu, in muka koma a Satumba sai mun sauka mun yi mata sallama mun tambayi sunanta.

Duwatsun nan, Hajiya, suna da tarihi. A 1984, shekarar farin da dattawanmu ba su manta ba, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da ta PAM mai ba da abinci a madadin ladan aiki. Mata ne suka fi yawa a filin. Su suka riƙa ɗaukar dutse a ka suna jerawa layi-layi a kan fako don a tsare ruwa, aka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, aka cika ragar waya da duwatsu aka datse ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. A 1984 ɗin dai kamfanin Toyota ya fito da Land Cruiser samfurin 70, wadda jikokinta ke hawa tsaunukan nan har gobe. Da an tambayi ɗaya daga cikin iyayen nan namu ko farantin alminiyo zai iya ja da dutsen Garhanga, da dariya kawai za ta yi ta gyara gammonta. Duwatsun da suka jera sun jeru. Waɗanda suka rage sun fi yawa, kuma su ne ke zaune bakin hanya suna jiranki.

Bari in tuna miki yadda abin ke faruwa, don na lura duk lokacin da aka yi, sai ki yi kamar ba ki nan. Mota ta gangara cikin ƙorama, ta ratsa yashi, ta zo fita. Ba gudu ake ba, giyar farko ce, direba ya leƙo da kai ta taga, karen mota na gaba yana ta "taho, taho, karya hagu". Tayoyin gaba suka haye gaɓa, na baya suna cikin rairayi tukuna. Tsakanin tayar gaba da ta baya ya haura mita 3, to duk wannan tsawon cikin mota ne ke rataye a kan leɓen gaɓar, ga buhunan albasa sun danne baya. Wa ke ƙasa da kowa a wurin? Ke. Kin sauko da yatsa huɗu ko fiye daga gindin ƙofa don ƙafa ta same ki da sauƙi, shi ya sa dutse ma ke samunki da sauƙi. Sai a ji ƙarararas. Ƴan ƙafafunki sirara ne, kuma sau da yawa a jikin kwanon mota aka ɗaure su, ba a jikin shasi ba. Da a ce karyewa kike yi ki faɗi, da da sauƙi. Amma lanƙwashewa kike yi sama, ki tura gindin ƙofa ciki, ƙofa ta cije. Daga nan babban mutumin da aka karrama da kujerar gaba, wanda ya biya kuɗin mutum biyu don kada a matse shi, sai ya fito ta taga, ƙafafu a gaba, hula a baya, mutanen bayan mota suna kallon sama don kunya. Ke da aka ɗauka aiki don ki tsare wa manya girmansu!

A rairayi ma ba ki da dama. In taya ta nutse a kwarin Tarka, ke ce ta farko da ke kwanciya a kan yashi ki riƙe mota, sai an yi haƙa a ƙarƙashinki kafin a kai ga inda ake so. Ranar kasuwa kuwa, samari uku su maƙale a kanki, alhali an ƙera ki ne don ƙafa ɗaya ta taka ta wuce. Wannan kam ba laifinki ba ne, kuma ba na goyon bayansa, jandarma ma ba sa goyon baya.

Saboda haka muka yanke shawarar ɗaukar wani a gurbinki. Kin san shi, ɗan'uwanki ne ta wajen uba: Malam Ƙarfen Gefe. Ba shi da kyau, gaskiya. Baƙi ne, ba ya sheƙi, ba ya gaisuwa. Bututun ƙarfe ne mai kaurin bango, milimita 3 ko sama, faɗinsa santimita 4 zuwa 5, da ƙafafu uku ko huɗu da suka miƙe suka kama shasi kanta. Ba ya saukowa ƙasa, lafewa yake a gindin ƙofa. In dutse ya taso, shi yake tarar sa, nauyin mota ya hau kansa ta zame ta wuce, abin da zai rage ɗan ƙarjin fenti ne. Wani ma akan ɗan buɗa masa wutsiya daga baya, don ya ture mota gefe kafin dutse ya kai ga tayar baya da akwatin kaya.

Waɗanda suka fito da sunansa a duniya mutanen Amurka ne da na Ostareliya. A can akwai wurare irin su Moab a jihar Utah da hanyar Rubicon a Kaliforniya, inda mutum mai hankalinsa, mai aikin ofis, zai cika tanki ranar hutu ya yi tafiya mai nisa don kawai ya nemi dutse ya hau, ya ɗauki hoto ya dawo gida. Allah mai iko. Mu dutse ke zuwa nemanmu har ƙofar gida, kyauta, ko ranar Juma'a ba ya hutu.

Kada ki ɗauka sanayya aka yi. Mun san aibinsa. Nauyi gare shi: guda biyu kan kai kilo 30 zuwa 50 gwargwadon kaurin ƙarfen, kuma Hilux an yi ta ne don kayan da bai wuce tan ɗaya da ɗan motsi ba, ko da yake masu lodin albasa ba su taɓa jin wannan labari ba. Duk kilon da ya ci, daga rabon kaya ya ci, ga man da zai ƙara sha. Na kanti kuma tsada gare shi, balle tun 2023 da iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Don haka yawancinmu wurin mai walda za mu nufa, da ƙarfen da aka samo a Katako ta Yamai ko Ƙofar Ruwa ta Kano. A nan ne kuma ake yin ɓarna, domin akwai sojan gona: bututun famfo da aka shafa wa baƙin fenti aka liƙa a jikin kwano. Wannan ya fi ki sharri, Hajiya. Ke ko ba komai kowa ya san ƙarfinki, ana lallaɓa ki. Shi kuwa sai ya sa direba ya saki jiki ya tunkari dutse da gaba gaɗi. Araha ba ta ado.

Shi ya sa muka shirya wa magajinki jarrabawa, kuma a bainar jama'a za a yi ta. Za a sa jak a ƙarƙashinsa a ɗaga, har tayoyin wannan gefe su bar ƙasa. Yana sama za a buɗe ƙofa a rufe. In ta buɗe ta rufe lafiya, kuma da aka sauke bai canza kama ba, ya ci. In ya yi ƙara ko ya sunkuya, ya bi sahunki. Ke ma in kina ganin an zalunce ki, jak ɗin na nan, bismilla.

Shi ma mai waldar mun yi masa kashedi. Ba za a kunna wuta a jikin shasi a yi ta zuba walda son rai ba, don zafi na raunana ta, kuma wurin da aka ƙona nan take fara tsagewa bayan an sha gargada. Faranti mai kauri za a yanka, a ɗaure shi da manyan kusoshi ta ramukan da kamfani ya riga ya huda. In ma dole sai an taɓa wuta kusa da mota, a cire kan batir tukuna, a kuma leƙa a ga inda bututun mai da na birki suka bi, don a jikin shasin suke kwance. Tsakanin ƙarfen da gindin ƙofa a bar wurin da yatsa ɗaya ko biyu za su shiga. Gidan direba a kan roba yake zaune, motsinsa daban da na shasi, in aka matse su za su yi ta dukan juna tun daga Tamaske har Ibohaman, fasinja ya sauka da ciwon kai. Bakin bututun a toshe shi, ko a huda masa ƴar kafar da ruwa zai tsiyaye, in ba haka ba taɓon damina ya kwana ciki, tsatsa ta cinye shi daga ciki alhali waje na nan da fentinsa. Kada kuma ya yi fuka-fuki ya fito waje da yawa. Hanyoyin da ke ratsa layukan dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa tun 1975 don tare iska, ba su da faɗin da za a yi fankama, ga amalanke, ga ƙwaurin mutane a kasuwa. Masu sababbin motoci da ke da jakar iska a gefe, su kam su tambayi wanda ya san motar kafin a ɗaura mata komai.

Abu ɗaya muka roƙa a ɗauko daga wurinki. Bututu zalla santsi gare shi, takalmin roba mai laima ba ya zama a kansa, kuma tsohuwar nan mai zuwa Galmi ba ta yi laifin komai ba. Don haka za a shimfiɗa masa farantin ƙarfe mai kaushi a sama, daidai faɗin tafin ƙafa. Zai fi ki tsawo da ƴan yatsu, sai an ɗan ƙara ɗaga ƙafa, amma karen mota na nan, miƙa hannu ai ba ya cikin abin da ake biya.

Ban ce ba ki da sauran amfani a duniya ba. Wanda motarsa ba ta barin babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa zuwa Maraɗi, ya riƙe ki, kin fi masa sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi, ɗora masa Malam Ƙarfe ma asarar mai ce. Motocin furoje ma kina iya zama da su, tunda can in kin lanƙwashe takarda kawai za a rubuta a kawo wata. Amma mai bin Allakai da Tabotaki da Karofan cikin watan Agusta da kuɗin aljihunsa, ki yi masa afuwa.

Yanzu makoma biyu ke gabanki. Ɓangarenki na hagu, da yake bai ji jiki sosai ba, mun nema masa canjin wurin aiki zuwa Yamai, akwai wani mai motar haya ta biki da ya ce yana so. Na dama kuwa likita ya duba ya ce sai ritaya. Mun yi magana da mai ƙera tukwane, ya auna ki da hannu ya ce za ki ba da tukunya ɗaya madaidaiciya da ludayi biyu, in an cire robar. Sai ki hallara a rumfar mai walda ranar kasuwa mai zuwa bayan la'asar don miƙa aiki. Kusoshinki za mu riƙe, har da wayar da aka ɗaure ki da ita, don ta karen mota ce, aro ya ba ki.

Ki huta lafiya.

Naki mai girmama ki,
Wani mai kat-kat,
A madadin ƴan rumfar shayi, tashar Buza.