Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Fanka Mai Ruwa

 Bayan gaisuwa irin ta maƙwabta, ya aiki, ya zafi? Ni ne Daɓen Katako, wanda kike tsaye a kansa tun shigowar bazara.

Ba zan ɓoye alherinki ba. Idan ranar Afrilu ta ƙwalle, ke ce gatan mai ƙaramin janareta, don ba kya zuƙar wuta kamar AC. Dabararki ma gado ce daga kakarki randa: ruwa ya bi iska, ya tafi da zafi. Shi ya sa mutanen Adelaide da Perth a Ostareliya suka ɗora 'yan'uwanki bisa rufin gidajensu, kuma can ma dangina suna kuka da ku.

To, Hajiya, ruwan nan da ya bi iska, ina kike tsammani ya nufa? Cikina! Katako ko an sare shi, an goge, an shafe da fenti, bai daina shan danshi ba. Da hunturu, sa'ad da danshin iska ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, ruwan jikina ko kashi 5 bai kai ba. Na rame, tsagu suka buɗe tsakanin allunana, ƙura ta samu masauki. Sai ga ki. Aka rufe ƙofa da taga wai kada sanyi ya gudu, kika yi ta feshi dare da rana. Idan danshin ɗaki ya kai kashi 80, nawa ruwan yakan haura zuwa kusan 16.

Ni kuwa ba tsawo nake ƙarawa ba, ƙiba nake yi. Kowane allo ya ƙara faɗi ɗan kaɗan, sai su taru su yi ta turereniya har bango. Saman allo ya fi ƙasansa jiƙa, ya yi doro. In ba a bar mini tazarar kamar milimita 10 a gindin bango ba, sai tsakar ɗaki ta ɗago, Maigida ya yi tuntuɓe da kofin shayi a hannu. Wa ake zagi? Kafinta, bawan Allah, yana can shagonsa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Don girman Allah, ki sa baki a riƙa buɗe taga idan an kunna ki. Ke ma amfaninki ne, don iskar da ta ƙoshi da ruwa ba ta ƙara karɓa, sanyinki ya ƙare ke nan. Danshi tsakanin kashi 40 da 60 ya ishe ni zaman lafiya. Da damina ta sauka kuma, a kashe famfonki, ki yi aikin fanka kawai.

Sai batun yoyon tankinki. Kunya ta hana ni faɗa a gaban jama'a, amma a sa miki faranti.

Naki na ƙasa,
Daɓen Katako