Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Gurbin Karatu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali, musamman Hajiya Digiri da autanku Bautar Ƙasa, ina rubuto maka ne daga gaɓar ruwan Kainji, ƙasar Ngaski, inda sunanka ya fi fuskarka yawo. Kowa ya san ka, amma waɗanda suka taɓa shan hannu da kai a ƙauyenmu ba za su cika kwale-kwale ɗaya ba.

Maganar ɗan wana ce ta kawo ni. Yaron nan shekara biyu ke nan yana zarya ƙofar gidanka. Ya kawo kiredit biyar ɗin da ka ce, har da Turanci da Lissafi, kuma da guminsa ya samo su, don da asuba yana jan taru ne tare da ubansa kafin ya ɗauraye ƙarnin kifi ya sa kayan makaranta. Aka ce ba a ganinka sai an bi ta hannun sarkin ƙofarka, JAMB, wanda ke tsaye a wurin tun 1978. Muka ce to. Aka ce sai da lambar NIN, sai an tura saƙo ta waya, sai an dangwala yatsa. A garinmu kuwa, mai son tura saƙo sai ya hau tudun bayan masallaci ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Sai kuma kwamfuta. Tun 2015 aka daina zuwa wurinka da fensir. Tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400. Ranka ya daɗe, yaron nan ya iya gane giwan ruwa daga motsinta tun ba ta taso ba, amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ana saura mako biyu jarrabawa, a wani shago a Yelwa, inda su huɗu suka yi karo-karo suka sayi awa ɗaya. Rabin awar ta tafi wajen jiran a tayar da janareta. Ga abin dariyar: madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda ta cinye tsofaffin garuruwa ta tashi dubban mutane, wutarta har Yamai take zuwa. Jikan waɗanda aka tasa kuwa da tocila a baki ya yi bitar Kimiyya. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji masu magana. Mu namu a sama yake, ga shi nan shimfiɗe, wutarsa ce dai ba ta san hanyar gida ba.

Ya samu 187. Ni da na ji, har na sa a yanka zakara, tunda a 2025 an ce mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, kuma cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. Ashe 150 ɗin izinin tsayawa a zaure ne kawai. Likitanci, aikin lauya da aikin jinya suna can ƙuryar ɗaki, sai mai maki mai kauri. Zakara dai ya tafi a banza.

Na bincika yadda kake raba kanka a jami'o'in tarayya: kashi 45 na masu ƙoƙari, 35 na maƙwabtan jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Kebbi na ciki. A nan ne nake da ƙorafi, kuma ba wasa a ciki. Takardar shaidar ɗan asalin jiha ba ta nuna wanda ya yi karatu a ƙarƙashin fanka da wanda ya yi a gindin mangwaro. Yaron da aka haifa a Abuja, wanda bai taɓa ganin Shanga ba sai a bakin kakarsa, da shi da ɗan masunci sahu ɗaya suke bi a wannan kason. Da talaucinmu aka yanko naman, a kwanon wasu yake sauka.

Kuma kada ka ce ba ka san hanya ba. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wato ka taɓa zama ƙarƙashin sa hannun ɗan ƙasar nan. Yanzu ma kana da masauki uku a jihar: Aliero, Birnin Kebbi, da ta aikin gona a Zuru. Ko ka tuna 17 ga Yuni, 2021, ranar da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo? Iyayen da suka sake sakin 'ya'yansu zuwa aji bayan wannan, ai sun biya kuɗin ganinka da abin da ya fi naira.

Ban ce namu ba su da laifi ba. Akwai masu sayen amsa a jarrabawar fita sakandare, su zo da A reras, kwamfuta ta tona musu asiri cikin awa biyu. Su ka bar su a zaure, ban hana ka ba.

Yanzu kullum bayan la'asar yaron yana hawa tudun nan ya duba shafin CAPS na JAMB ko sunansa ya fito, ya sauko bai ce komai ba. Uwarsa ta daina tambaya. Abokansa biyu tuni suka tafi ramin zinariya, sun dawo da babur da sabuwar waya, suna zolayarsa da “Farfesa”.

In za ka zo, ba sai ka taho da Likitanci ba. Ko Kimiyyar Kiwon Kifi ka riƙo mun karɓa, ya riga ya yi rabin kwas ɗin a cikin ruwa. Mun tanadar maka banda mai kyau da buhun albasar Yauri, kyautar baƙo ce, ba toshiya ba. Amma ka yi sauri, don masu ramin zinariya sun riga ka aiko, kuma su ba sa tambayar NIN.

Naka mai jira,
Wani baffa daga gaɓar Kainji