Ku Gama Dariyar, Sai Mu Ƙirga Kwano

Na san abin da za ku ce tun ban rufe baki ba. Da zarar an ambaci tsara abincin wata a gidan mai ƙaramin ƙarfi, sai 'yan majalisa su kalli juna, wannan ya turo hula gaba, wancan ya ce, "To fa, ga ɗan boko ya zo koya mana cin tuwo." Ku dara, ba sauri nake ba. Abin da na lura da shi dai, wanda dariyarsa ta fi ta kowa ƙara, shi za ka tarar ranar 18 ga wata a gaban mai kanti yana jero gaisuwa, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Baba, ya aka ji da zafin nan, duk don a samu ƙofar da za a ce a buɗo littafin bashi.

Alhaji na kan benci ya riga ya ɗaga hannu. "Malam, sai da abu ake tsari. Me za ka tsara a cikin babu?" Ranka ya daɗe, a nan ba ni da ja. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin fetur ya tafi, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu ya zauna. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da bakinta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A shekarar ce mutane suka koma sayen afafata, shinkafar da a da masu casa ke warewa a ba kifi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Raba shi kwana 30, ka samu 2,333 a rana. Sake raba wa baki shida, kowa bai kai 400 ba, ga haya, ga makaranta, ga magani suna jira a zaure. Babu alƙalamin da zai mayar da wannan yalwa. Duk wanda ya ce maka yunwar ƙasar nan rashin iya tattalin matan gida ne ya kawo ta, ka bincika, wataƙila muƙami yake nema.

Amma tunda ka ɗaga hannu, Alhaji, kada ka sauke tukuna. Kwano nawa na hatsi gidanka ke ci a wata?

Ka ji shiru. Mutumin da ya san farashin lita a gidan mai uku, ya san ɗan wasan da Barcelona ta saya da nawa ta saye shi, ya san wanda zai ci zaɓe mai zuwa tun ba a buga takardar ƙuri'a ba, bai san kwano nawa ke shiga cikin 'ya'yansa ba. Iyakar saninsa "gari ya ƙare", kuma kullum labarin bagatatan yake zo masa, har da salati, alhali malmala biyu ake ajiye masa kowane dare.

To abin da nake nufi da tsari ke nan, ƙidaya. Ban ce a manna takarda a bango irin ta makarantar kwana ba, Litinin kaza, Talata kaza, har yara su haddace su riƙa guduwa gidan kaka ranar fate. A ɗauki mako ɗaya, duk abin da aka auna aka kai niƙa ko aka zuba a tukunya a rubuta shi, in biro ya ɓata a ja layi da gawayi a bangon madafa. A ninka sau huɗu, a ƙara na kwana biyu. Gidan da ke cin kwano ɗaya a rana yana buƙatar 30 a wata, buhun masara ko dawa kuwa galibi kwano 40 ake auna masa a Kano. Katsinawa su mayar da shi tiya. Zagezagi ku mayar da shi mudu, in lissafin ya gagara ku aiko mu yi muku, mun saba.

Me ya sa na damu da wannan ƙidaya? Saboda talaka ya fi mai hali sayen abinci da tsada, kuma bai sani ba. Mai hali zai tura mota Dawanau a watan Nuwamba, lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa, ya loda na shekara. Kai kuwa sai hatsin ya bi ta hannun ɗan sari, ya bi ta hannun mai awo, ya iso wurin mai teburin bakin layi, sannan ka saye shi gwangwani-gwangwani a watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa farashi ya yi sama. Kowane hannu ya ɗauki ribarsa, halal ɗinsa ne. Ƙullin mai, ƙullin gishiri, ƙullin barkono, har ledar da aka ƙulla kai ka biya. Haɗa kuɗin ƙullin mai na wata ɗaya ka je ka tambayi kuɗin kwalba, ka dawo mu gaisa.

Na hango Ustaz yana gyaran murya. "Arziki na Allah ne, bakin da Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Wannan lissafe-lissafen ƙarancin tawakkali ne." Allah Ya gafarta Malam, kai ne fa ka karantar da mu Suratu Yusuf, inda aka tara hatsin shekara bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa don shekara bakwai na fari. Ni wata ɗaya tal na roƙa. Kakanninmu ma da ba su ga allon boko ba, shekara suke tsarawa: rumbun da za a fara buɗewa daban, wanda ba a taɓawa sai damina ta yi nisa daban, iri kuwa ko yunwa ta yi yaya ba a kai shi turmi. Mai gida ya san dami nawa zai kai shi kaka. Mu ne jikokin da suka koma birni, muka bar rumbu a ƙauye muka rungumi leda.

Wanda maganarsa ta fi nauyi shi ne ɗan sahun can da ya kashe injinsa yana saurare. "Yaya, ni fa ban san albashi ba. Abin da na samo yau shi za a ci gobe, bayan na cire balas." Gaskiyarka, ƙanena, kuma irinku kun fi masu albashi yawa. Ba zan ce ka sayi buhu ba. Amma uwar 'ya'yanka tana zubin adashi, ko ta faɗa maka ko ba ta faɗa ba. Ku ma ku haɗu ku huɗu a tasharku, ku yi zubinku na hatsi, buhu ɗaya a raba kwano goma-goma, kuɗin mota ɗaya, kuɗin dako ɗaya. A nemi kwasar ta faɗo a kaka. Ranar da kasuwa ta yi kyau, rarar ta tafi kan abin da ba ya lalacewa: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, gishiri, wake. Gidan da ke da gari da kuka da daddawa, ko an tashi ba ko sisi za a ɗora tukunya. Kuma a ware kuɗin niƙa da na gawayi tun farko, don na ga gidan da ke da masara kwano goma aka kwana da yunwa saboda babu na inji.

Ajiya kuma tana da nata sharaɗi, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Wake in ka bar shi a buɗe, ƙwaro zai riga ka. A shanya shi ya bushe ƙayau, a ɗura a jarka mai tsabta har wuya, a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba; ƙwaron da ke ciki numfashi zai gagare shi. Dabarar ke nan a buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don manoman wake. Fiya-fiya dai kada ta kusanci abin da za a ci. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna kuwa, ko kyauta aka ba ka ka gode ka wuce, don gubar da ke cikinta hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Yanzu ga uwargida ta leƙo ta bayan labule. "Kai da ko muciya ba ka iya riƙewa ba, kai za ka faɗa mini yadda zan yi da tukunyata?" Hajiya, tuba nake. Ke ce ma kika san amsar tambayar da ta ƙure Alhaji ɗazu, ba a tambaye ki ba ne kawai. Sai dai a bar ni in yi tsegumi kaɗan. Wannan man da ake tuttulawa a miya har mutum ya hango fuskarsa a ciki, wa ake burgewa? Ludayi ɗaya aka ce, hannu ya zarce ya yi uku, ranar 20 ga wata kuma a ce man yanzu ba ya auki. Ɗanɗano huɗu a miyar kukar da daddawa ta riga ta gama yi wa aiki. Wake a wanke shi a jefa a tukunya a tsaye, ya cinye gawayin kwana biyu, alhali da an jiƙa shi tun dare da ya nuna da wuri. In ya tafasa sosai ma, a sauke a naɗe tukunyar da tsohon bargo a rufe, zai ƙarasa da zafin jikinsa.

"Yara ba za su ci tuwo kullum ba." Wa ya ce kullum? Masarar nan ɗaya ita ce tuwo yau, gobe a ɓarza ta a yi dambu da zogale da ƙuli, jibi faten tsaki da yakuwa ko rama, gata ɗanmalele da ɗan mai da yaji, da safe kuma koko. Wake ya shiga garau-garau, ya shiga alale, ya shiga ɗanwake. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, ba abin kunya ba, kuma duk wanda ya ce ba ya cin ɗumame a gaban mutane, ku bi shi gida da asuba.

Nama ne dai abin da ake kuka a kansa, shi ma ba a rasa na yi ba. Ku je ku tsaya kan mai awara ku ga aiki. Ta jiƙa waken suya, an markaɗo, ta tace madarar a ƙyalle ta ɗora a wuta. Yana tafasowa ta zuba ruwan tsami, sai ka ga farin ya tsinke ya taso gudaji-gudaji, ruwan ya koma garai-garai a ƙasa. Ta kwashe a buhun tata, ta yayyanka attaruhu da albasa ta haɗa, ta ɗaure ta danne da dutse. Kafin la'asar ta yanka ta soya. Waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, ya fi wake na gida. In an yi ta a gida, a jefa ta a miya ta sha romo, dusar kuma akuya ta gode. Ga masu yaye da ƙananan yara, garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa ba wani sirri ba ne: awo 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa tare.

Tumatir kuma ba ya son a yi masa gardama. Da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da na Kura da Kadawa ke kwararowa 'Yankaba, har roƙonka ake ka ɗauki kwando. Damina na kamawa sai ya zama ɗan sarki, guda huɗu a faranti ana maka yanga. Wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta share gonakin Kano da Kaduna, ya san inda abin ke kaiwa. A yanka shi yana araha, a barbaɗa gishiri, a baza a tabarma a rana, a yi kauɗa. Masu cewa kauɗa abincin ƙauye ne, mu haɗu a watan Yuni.

Sauran ƙorafi guda, kuma na fi son sa: "Baƙo fa? Almajiri fa? Kwanon maƙwabta fa? So kake mu zama marowata?" A'a. Duk lissafin da bai sa da baƙo ba, ba na gidan Bahaushe ba ne. Ka san za su zo, tun kana yaro suke zuwa, to me ya sa zuwan nasu ke ba ka mamaki? A ƙara kwano biyu ko uku a kan ƙidayar, a ce na baƙi ne. Ƙanin matarka da ya zo kwana biyu tun Sallar da ta wuce, wannan ba baƙo ba ne, ka sa shi cikin masu zubin buhu.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba a madafa take ba. Alhaji, tun ɗazu kake gyaɗa kai ana maganar man Hajiya. Da safe aka kawo maka koko ka ce sauri kake, ka tsaya wurin mai shayi, Indomie biyu da ƙwai biyu da shayi mai kauri. Da rana lemon kwalba mai sanyi, saboda zafi. Da daddare ka biya wurin mai tsire, aka naɗe maka a takarda, ka tsaya a inuwar shago ka gama da shi, sannan ka shiga gida kana cewa yau kasuwa sai godiya. Haɗa na rana ɗaya ka gani ko bai sayi abin da zai ciyar da gidan gaba ɗaya dare guda ba. Ban ce kada ka ci ba, kai ka nemo. Cewa na yi a rubuta shi a littafin ƙidayar, layi ɗaya da kuka da daddawa, Hajiya ta riƙe biron.

A'a, kada ka rantse, Alhaji. Goge gemunka tukuna, akwai yaji.